Filin Lafiya: Aikin Rage Tumbi da Neman Abokan Tafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 41, uwar yara biyar, ina zaune a unguwar Birni a nan Damagaram. Tsawona mita 1 da santimita 62, nauyina kuma ya kai kilo 118. Shekara shida ke nan ina fama da ciwon suga, hawan jini ya biyo baya, gwiwoyina kuma sun kai ga sai a zaune nake salla. Na sha rage abinci, na sha jiƙe-jiƙe, nauyin yakan sauka kaɗan sannan ya dawo har da ƙari. Likitan da ke duba ni ya ce in yi tunanin aikin tiyata na rage tumbi, kuma maigidana ya amince zai ɗauki nauyin tafiya waje. Damuwata ita ce ban san kowa da aka taɓa yi wa wannan aiki ba, ƴan'uwana mata suna cewa zan halaka kaina saboda son kwalliya, wani mutum kuma da aka ba ni lambarsa a WhatsApp yana matsa mini in tura kuɗin kama wuri kafin wata ya ƙare. Wane shiri ya kamata in yi, kuma a ina zan sami waɗanda aka yi wa aikin in ji daga bakinsu?
Uwar yara biyar, Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ki tura wa mutumin nan ko dala ɗaya. Wannan aiki ba na gaggawa ba ne, asibitin kirki ba ya sa ranar tiyata kafin likitan da zai yi ta ya karanta takardun mara lafiya ya yi magana da ita, kuma wanda yake ɗaura miki wa'adin ƙarshen wata cinikinsa yake dubawa.

Shawarar likitanki kuwa tana kan hanya. Ana auna ƙiba ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, sannan a sake raba abin da ya fito da tsawon. Idan aka yi wannan lissafi da alƙaluman da kika aiko, ana samun kusan 45, alhali daga 30 ake fara ɗaukar ƙiba a matsayin cuta. Tun 1991 ƙa'idar da hukumomin lafiya na Amurka suka fitar ta yarda a yi tiyata ga wanda ya kai 40, ko wanda ya kai 35 kuma yana da cuta irin su ciwon suga da hawan jini, sannan a 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ma'aunin zuwa 35 ko da babu wata cuta, da 30 ga mai ciwon suga. Ta kowace ƙa'ida aka duba, ke mara lafiya ce mai neman magani, kuma batun kwalliya bai taso ba.

Aiki iri biyu ne suka fi yawa a yau, kuma duka ana yin su ne ta ƙananan huji a ciki da taimakon kyamara. Na farko, wanda likitoci ke kira silib, shi ne a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi, a bar siririn bututu. Tare da abin da aka yanke ake tafiya da sashen da ya fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa sha'awar abinci take raguwa, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Na biyu shi ne baifas, wanda likitan nan Edward Mason ya fara a jami'ar Iowa ta Amurka a shekarun 1960: ana ware wani ɗan ƙaramin aljihu daga saman tumbi, mai ɗaukar kusan mililita 30, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Baifas yakan fi ƙarfi wajen ciwon suga da ƙwannafi, amma ya fi jawo ƙarancin bitamin da sinadarin ƙarfe, shi kuwa silib yana iya tsananta ƙwannafi ga wanda dama yake da shi. Idan likitan tiyata ya zaɓa miki ɗaya, ki nemi ya gaya miki dalilin da ya shafe ki ke da kanki.

Ki kuma san abin da za ki sa rai da shi tun yanzu. Yawancin mutane suna rasa kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsu a cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wato ke za ki iya sauka zuwa tsakanin kilo 83 da 88, kuma wani ɓangare yakan dawo bayan wasu shekaru. Ba za ki koma siririya ba, amma irin wannan raguwa tana canza halin gwiwa da hawan jini da barci. Ciwon suga yakan lafa wa mutane da yawa har su ajiye magani, sai dai damar hakan tana raguwa gwargwadon daɗewar ciwon, musamman ga wanda ya riga ya hau allurar insulin, kuma yana iya dawowa. Wani babban bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987, wanda ya bi sawun mutane fiye da 4,000 na tsawon shekaru, ya nuna cewa mace-mace sun yi ƙasa a cikin waɗanda aka yi wa aikin idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi musu ba. A manyan cibiyoyin da suka ƙware, haɗarin mutuwa sanadiyyar aikin kusan mutum 1 ne cikin 1,000.

To amma waɗannan alƙaluma sun fito ne daga wuraren da mara lafiya ke zaune kusa da asibitin da aka yi masa aiki, ana kiransa duba bayan duba, kuma nan ne halinmu ya bambanta. Likitan da zai yi miki aiki yana iya kasancewa a Tunisiya ko Masar ko Turkiyya ko Indiya, ke kuwa bayan mako biyu kina Birni, tsakaninki da Yamai ma kusan kilomita 900 ne. Saboda haka shawarata mafi nauyi ita ce ki shirya dawowa kafin ki shirya tafiya. Ki zauna da likitan da ke duba sugarki ki tambaye shi kai tsaye ko zai ci gaba da bin lafiyarki bayan aikin, ki kuma nemi ya haɗa ki da wani likitan tiyata a Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram domin ya san da ke tun kafin wata matsala ta taso. Za ki buƙaci gwajin jini a wata na uku da na shida da na goma sha biyu, sannan kowace shekara har iyakar rayuwa, don haka ki bincika waɗanne gwaje-gwaje ake yi a nan, waɗanne ne kuma sai an aika wani gari. Ki zaga kantunan magani ki ga ko ana samun haɗaɗɗen bitamin, da na ƙarin jini, da kalsiyam, da bitamin D, da allurar bitamin B12 wadda ake yi wa da yawa duk bayan wata uku. Waɗannan ba na wata ɗaya ko biyu ba ne, kuma kuɗinsu ya kamata ya shiga lissafin Alhaji tare da kuɗin jirgi. Idan kun duba kun ga ba za ku iya ɗaukar wannan ɗawainiya ta shekaru ba, gara a jinkirta aikin. Sannan kada ki baro asibitin can ba tare da cikakken rahoton aikin a rubuce da Faransanci ba, wanda ya faɗi irin aikin da aka yi da magungunan da aka ba ki, tare da lambar likitan kansa, ba ta dillali ba.

Gwaje-gwajen kafin aiki da yawansu ana iya fara su a gida: matsakaicin suga na wata uku, aikin ƙoda da hanta, ciwon hanta nau'in B, hoton zuciya, da yawan jini. Ƙarancin jini ya zama ruwan dare ga matan da suka yi haihuwa da yawa, kuma gyara shi kafin aiki ya fi sauƙi, domin bayan aiki jiki ba ya tsotsar sinadarin ƙarfe kamar da. Ana kuma leƙa cikin tumbi da na'ura a nemi gyambo da ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda take da yawa a ƙasashenmu, a kashe ta da magani tukuna. Idan kina minshari mai ƙarfi, ko maigida ya lura numfashinki yana ɗaukewa a cikin barci, ki faɗa, domin hakan ya shafi mai ba da maganin sa barci.

Akwai abin da mata da yawa suke jin nauyin faɗa wa likita, kuma ɓoye shi yana da haɗari. Duk wadda ta daɗe tana shan ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda da yawansu dekzametazon ne, wato wani magani mai ƙarfi na rage kumburi, ko ƙwayoyin ciwon gaɓɓai da ba a san haɗinsu ba, ko take shafa man sauya launin fata mai ƙarfi, jikinta yana iya daina samar da wani sinadari da ake buƙata a lokacin tiyata, har jininta ya faɗi a kan gadon aiki. Ba a daina irin waɗannan magunguna rana ɗaya, likita ne yake rage su a hankali. Ki tattara duk abin da kike sha, har jiƙe-jiƙen da kika ambata, ki zuba a jaka ki kai masa. Mai shan ƙwayoyin tazarar haihuwa masu ɗauke da estirojin akan ce ta dakata da su kusan mako huɗu kafin aiki saboda gudan jini, mai shan taba ko shisha kuma ya bari aƙalla mako shida.

Kusan mako biyu kafin ranar, za a ɗora ki a kan abinci mai ƙarancin sitaci da mai domin hanta ta ragu, saboda tana kwance ne a kan tumbi kuma sai an ɗaga ta ake aiki. Ke da kike shan maganin suga, kada ki fara wannan da kanki, domin idan abinci ya ragu magani bai ragu ba suga yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai. Abin da za ki iya farawa yau shi ne sabon salon cin abinci: ki zuba naki a ƙaramin kwano, ki tauna sosai, ki raba ci da sha da kusan minti 30, ki bar lemun kwalba, ki rage sukarin shayi har ki saba, ki kuma riƙa tattaki gwargwadon abin da gwiwa ta yarda. Wadda ta ga waɗannan sun gagare ta a wata biyu na gwaji, ko ta lura baƙin ciki da damuwa ne suke tura ta ga abinci, ya kamata ta faɗa wa likita kafin a taɓa tumbinta, domin wuƙa ba ta yanke wannan.

Zaɓen lokaci ma shiri ne, kuma likitan waje ba lallai ya tuna da shi ba. Rashin ruwa a jiki yana cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane asibiti a makonnin farko, saboda sabon tumbi ba ya karɓar kofi guda a lokaci ɗaya, sai kurɓi kurɓi daga safe zuwa dare har a cika lita ɗaya da rabi ko fiye. Kin san yadda Damagaram take a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma ruwan famfo ke wahala. Idan da hali, ki nemi ranar da za ta sa makonninki na farko su faɗo cikin sanyin Nuwamba zuwa Janairu.

Ki zauna kusa da asibitin kwana goma zuwa mako biyu bayan aikin, ko da an ce kina iya tafiya, domin yoyo daga wurin da aka ɗinke tumbi, wanda shi ne matsalar da aka fi tsoro, yakan bayyana a wannan tsakani. Alamominsa su ne bugun zuciya da ya wuce 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu da ke ƙaruwa, da sarƙewar numfashi. Ki koyi ƙirga bugun zuciyarki, mai rakiyarki ma ta koya. A nan gida kowane zazzaɓi sunansa na cizon sauro, saboda haka idan ya zo a watan farko kada a tsaya ga maganin zazzaɓi, a je asibiti da rahoton aikin a hannu. Kumburin ƙafa ɗaya da ciwo yana iya zama gudan jini, wanda doguwar tafiya a jirgi da mota take ƙara haɗarinsa. Amai da ya ƙi tsayawa kwanaki kuma yana iya ƙarar da bitamin B1 cikin ƴan makonni har ya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, don haka ba abin haƙuri ba ne. Sai batun gwiwarki: magungunan ciwo irin su ibuprofen da diklofenak, waɗanda ake tallarsu a kowane lungu, suna jawo gyambo a wurin ɗinkin, musamman bayan baifas, kuma dole ki rabu da su ki koma ga farasitamol ko abin da likita ya rubuta.

Abinci yana tafiya mataki mataki, daga ruwa-ruwa na kusan mako biyu, zuwa niƙaƙƙe, zuwa mai laushi, kafin a kai ga na kowa bayan mako shida zuwa takwas. Takardar da za a ba ki a waje za ta lissafa abincin can, saboda haka ki zauna da mai ba da shawarar abinci ku mayar da ita zuwa tukunyarmu. Tataccen romo da madara da kindirmo marar sukari sun dace da farko, daga baya dafaffen ƙwai, alala, niƙaƙƙen wake, kifi, naman kaza mai laushi da awarar da ba a soya ba. Ana son aƙalla giram 60 na furotin a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kawai, don haka abin gina jiki ake fara ci, tuwo da shinkafa da burodi su zo a ƙarshe idan wuri ya rage. Kilishi da tsire sai an daɗe, saboda busasshen nama yana tsayawa. Wadda na fi jiye miki ita ce fura. Duk abin da ake sha yana wucewa ta ƙaramin tumbi ba tare da ya cika shi ba, saboda haka mace tana iya kasa cin loma biyar ta tuwo amma ta wuni tana kurɓar fura da sukari da kunu, nauyin ya dawo ba ta san ta inda ya biyo ba. Ga mai baifas kuma, abu mai zaƙi yakan jawo jiri da gumi da bugun zuciya da gudawa jim kaɗan bayan sha.

Shekara 41 ba ta rufe ƙofar haihuwa ba, kuma raguwar ƙiba takan dawo da ita ga waɗanda suka ɗauka sun gama. Ana son a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, kuma bayan baifas ba a dogara da ƙwayoyin sha, sai a koma ga wata hanyar. Gashi yakan zube tsakanin wata na uku da na shida sannan ya dawo, fata takan saki, wasu kuma tsakuwa takan fito musu a matsarmama saboda saurin ramewa.

Yanzu ga rabi na biyu na tambayarki, wanda a ganina bai gaza na farko muhimmanci ba. Bincike da dama ya nuna cewa masu halartar zaman waɗanda aka yi wa aikin sukan fi rage nauyi, ko da yake yana yiwuwa masu himma ne dama suka fi zuwa. Amfanin da ba a musu a kansa shi ne akwai tambayoyin da likita ba ya iya amsawa: yadda ake zama a gidan biki ana miƙo kwano, abin da ake ji a daren farko da aka kasa haɗiye ruwa, da yadda miji yake ɗaukar canjin. Hanya mafi aminci ta samun irin waɗannan mutane ita ce ta hannun likitoci. Ki roƙi likitanki na nan, idan yana da wata da aka yi wa aikin, ya ba ta lambarki ta kira ki idan ta yarda, domin shi ba zai ba ki tata ba sai da izninta. Ki kuma nemi asibitin da za ki je ya haɗa ki da tsofaffin marasa lafiyarsa daga Nijar ko arewacin Najeriya, kuma ki dage a kan waɗanda suka shekara biyu ko fiye. Wadda take wata na shida tana cikin murna, komai zai yi mata daɗin faɗi. Wadda ta shekara uku ita ce za ta gaya miki ko nauyin ya fara dawowa, ko har yanzu tana shan bitamin, nawa take kashewa a shekara, wa ya amsa mata waya ranar da ta shiga matsala, da kuma ko za ta sake yi da a ce yau ne.

Akwai rukunoni a WhatsApp da Facebook, yawancinsu da Faransanci ko Larabci ko Ingilishi, kuma wasu suna da amfani ƙwarai. Ki yi mako biyu kina karatu kafin ki ce komai, ki lura da wanda ya kafa rukunin da abin da yake sayarwa. Inda ba a ganin komai sai hotunan da da na yanzu, inda duk wadda ta kawo kuka ake share saƙonta ko a ce laifinta ne, inda kowace amsa take ƙarewa da sunan asibiti ɗaya ko wani garin magani, wannan shago ne. Kada ki saka hotonki ko takardun gwajinki, domin abin da ya shiga waya ba ya dawowa, kuma Damagaram gari ne da kowa ya san kowa. Ko a rukuni mai kyau, ki riƙe iyaka ɗaya: abokiyar tafiya tana ba da labarin jikinta ne, ba naki ba. Idan kina amai da zazzaɓi wata ta ce ita ma ta yi haka ya wuce, ki gode mata ki tafi asibiti.

Idan ba ki sami kowa a kusa ba, babu abin da ya hana ki fara. Ba sai an yi wa kowa tiyata ba, domin matan da kuke haɗuwa a layin duba suga suna fama da yawancin abin da kike fama da shi, kuma mata uku sun isa. Tsarin ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan, tun da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a Nijar a 1991 da haka suka ginu, wato zama a rana sananniya, ƴar ajiya, da riƙon amanar juna. Ku sa ranar tattaki bayan asuba kafin rana ta yi zafi, ku riƙa auna nauyi da hawan jini tare, ku yi asusun da za a riƙa cire kuɗin gwaji da bitamin, ku kuma yi alkawari cewa abin da aka faɗa a zaman ba ya fita.

Ƴan'uwanki mata kuwa, kada ki ɗauke su abokan gaba. Mun taso a inda cikar jiki take nuna hutu da kulawar miji, ramewa kuma take nuna ciwo ko ɓacin rai, kuma a ƙarƙashin maganarsu tsoron rasa ki ne. Ki zaɓi wadda aka fi jin maganarta a cikinsu ki tafi da ita wurin likita ta yi tambayoyinta da bakinta, kuma idan ta gamsu ita ce ta fi dacewa ta raka ki. Mai dafa abinci a gidan ma dole ta san tsarin, domin a watannin farko za ki bar cin kwano ɗaya da jama'a. Sauran mutane ba dole ne su sani ba, amma ki shirya jimla ɗaya da za ki riƙa maimaitawa idan aka fara tambayar ko lafiya, misali cewa likita ne ya ɗora ki a kan tsari saboda suga, domin za a tambaya, kuma za a yi ta cewa ki ƙara loma ɗaya.

TAMBAYA: Likita ya ba ƙanena shawarar irin wannan aiki, amma wasu sun ce canza halittar Allah ne. Kuma yaya azuminsa zai kasance?
Wani magidanci, Mirya.

AMSA: Malam, hukunci na malamai ne, kuma ya dace ku kai wa malamin da kuka amince da shi cikakken bayanin likita. Abin da zan iya ƙarawa shi ne Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta halatta rage nauyi ta hanyoyin likitanci, har da tiyata, idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanyar da ta wadatar, kuma an amince ba za a cutu ba. Game da azumi, likitocin fannin suna ba da shawarar kada a yi shi a cikin wata shida zuwa shekara ɗaya na farko, saboda tsakanin magariba da asuba ƙaramin tumbi ba zai iya karɓar ruwa da abincin da jiki ke buƙata ba, kuma sassaucin da aka yi wa mara lafiya a aya ta 185 ta Suratul Baƙara sananne ne. Ya tambayi malami yadda zai rama. Idan ya fara azumi a shekarun gaba, ya buɗe baki da ruwa kaɗan kaɗan, ya jira kafin ya ci, ya guji haɗa ƙosai da kunu mai sukari a zama ɗaya, kuma ya karya idan jiri ko faɗuwar suga ta zo.

TAMBAYA: Na ji ana maganar wata allura da ke rage ƙiba ba tare da tiyata ba. Ba ta fi ba?
Wata malamar makaranta, Sabon Gari, Damagaram.

AMSA: Malama, allurar gaskiya ce. Sunan maganin semaglutid, ana sayar da shi da sunan Ozempic don ciwon suga da Wegovy don ƙiba, ana yin shi sau ɗaya a mako, kuma a gwaje-gwaje ya rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi. Ga wasu ya wadatar, kuma ya cancanci a tattauna shi da likita kafin a yanke shawarar tiyata. Sai dai yana da tsada, yawancin nauyin yana dawowa idan aka daina, kuma ana ajiye shi ne a firiji, abin da ke buƙatar tunani a inda wuta take ɗaukewa. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunsa da aka gano a wasu ƙasashe, saboda haka kada ki saya a hannun ƴan talla ko ta waya. Wanda yake kan wannan allura kuma za a yi masa kowace irin tiyata, dole ya sanar da mai ba da maganin sa barci tun da wuri, domin tana jinkirta fitar abinci daga tumbi.